Guntuwar Wayar da Ke Ciyar da Kyamara

Duk mai bibiyar finafinan Hausa masu dogon zango, irin waɗanda ake sakawa mako-mako a Arewa24 da YouTube, ya lura da wani sauyi da ya shigo a 'yan shekarun nan. Jarumi zai sauko daga mota, ya ratsa zaure, ya bi ta tsakar gida, ya ɗaga labule ya shiga ɗaki, kyamara tana biye da shi ba yankewa, hoton kuma ko gezau. Masu kallo sukan yaba wa mai ɗaukar hoto, kuma ya cancanci yabon. Amma akwai wani a bayansa da ba a cika ambata ba, wato mataimakin da tun kafin a fita lokeshan ya zauna da mitar auna wuta da ƙarfen solda ya haɗa wata waya da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Ta wannan wayar wuta take bi daga batir zuwa kyamara. In ta yi daidai babu mai tunawa da ita. In ta kuskure da haƙori ɗaya, kyamarar miliyoyin naira tana iya mutuwa kafin ƙiftawar ido.

Dabarar hana hoto girgiza ta girmi na'urorin yau. A shekarun 1970 wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Garrett Brown, ya ƙirƙiro Steadicam: riga mai ƙarfe da ake ɗaurawa a jiki, da hannu mai sifirin, da sanda wadda kyamara take samanta, batir da monita kuma suna ƙasanta don nauyi ya riƙe nauyi. Da ita aka bi Sylvester Stallone yana haurawa matakala a birnin Philadelphia cikin fim ɗin Rocky na 1976. Tun a wancan lokacin wutar kyamara daga ƙasan sandar take hawowa. A 2013 kamfanin Freefly na Amurka ya fito da MōVI, a 2014 kuma DJI na birnin Shenzhen a Sin ya biyo da Ronin. Waɗannan su ne ake kira gimbal: firam mai ƙananan injinan lantarki uku, ɗaya na juyi hagu da dama, ɗaya na ɗaga kai da sunkuyarwa, ɗaya na karkata gefe. A ciki akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, tana aunawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, tana gaya wa injinan su mayar da duk abin da hannun mutum ya ɓata. Wanda ya taɓa riƙe kaza yana juya jikinta, kanta kuma yana tsaye cak wuri ɗaya, ya riga ya ga yadda abin yake aiki.

To me ya sa ba za a bar kyamara da batirinta ba? Saboda nauyi da lokaci. Injinan gimbal ba su da ƙarfin ɗaukar kyamarar da ta rinjaya gefe guda, aikinsu gyaran ƙananan motsi ne, don haka dole a daidaita nauyin kyamara har ta tsaya da kanta a duk inda aka bar ta kafin a kunna su. Babban batir da aka maƙala a bayanta yana ƙara mata tsawo da nauyi, wani lokaci har ya riƙa bugun firam idan an ɗaga kai. Ƙaramin batir na ciki kuma ba ya jimawa. Blackmagic Pocket Cinema Camera 4K, wadda ta fito a 2018 kuma ƙananan masu shirya fim suka rungume ta saboda sauƙin kuɗinta, da kyar batirinta na LP-E6 yake kai awa guda. Kowane canji yana nufin a kashe kyamara, a buɗe ƙasanta, sau da yawa a sake daidaita nauyi, jarumai na tsaye, rana na tafiya. Shi ya sa gwanaye suke ɗauke batirin daga jikin kyamara su mayar da shi jikin gimbal. Ronin 2 na 2017 an gina shi ne da wannan tunanin. Yana ɗaukar batir biyu na TB50, ana iya zare ɗaya a sa wani ba tare da komai ya mutu ba, wutar kuma ta cikin injin juyi take bi, ta kan wasu zobba na ƙarfe da ke gogar juna, ta fito a bakunan da ke daf da kyamara. Ƙananan gimbal na hannu ɗaya galibi batirinsu na injinansu ne kawai, sai a ɗaura babban batir a mariƙi ko a ƙugun mai ɗauka, a jawo waya.

Gwani ba da waya yake farawa ba, da karatu yake farawa. Yakan buɗe littafin kyamarar ya nemi lambobi uku. Na farko bolt, wato ƙarfin turin wuta. Na biyu amfiya, yawan wutar da ke gudana a waya. Na uku wat, abin da na'ura take ci, wanda ake samu idan an ninka na farko da na biyu.

Lambar farko ita ce mai kisa nan take. Babban batirin da ake kira V-mount an rubuta masa bolt 14.4 a jiki, amma wannan matsakaici ne. A cikinsa jeri huɗu ne na ƙwayoyin batir, idan ya cika taf yana kai bolt 16.8, idan ya kusa ƙarewa ya sauko wajen 12. Saboda haka tambayar gwani ita ce, shin kyamarar tana jure duk wannan tazarar, daga sama har ƙasa? RED Komodo tana karɓar bolt 7 zuwa 17, ta shiga da ɗan rata kaɗan a sama. Ita waccan Blackmagic tana karɓar 12 zuwa 20 ta bakinta na gefe. Sony FX3 kuwa batirinta na bolt 7.2 ne, don haka ana sa mata wani batirin bogi, kwanso mai siffar batir da waya a gindinsa, kuma tilas a samu 'yar na'urar rage wuta a tsakani, in ba haka ba ninki biyu na abin da take ɗauka ne zai afka mata. Yayarta FX6 akasin haka take, bolt 19.5 take so, sai an sa mata mai ƙara wuta. ARRI Alexa 35 ta 2022 ta bar wannan layin gaba ɗaya, wutar bolt 24 take nema. Kyamarori biyar ke nan, buƙatu biyar, alhali da yawa daga wayoyinsu baƙaƙe ne masu kama da juna a cikin jaka.

Daga nan sai lissafi, kuma a takarda ake yinsa. Kyamara ba ita kaɗai take shan wuta a kan gimbal ba. Akwai monita, akwai na'urar da ke aika hoto ta iska zuwa wajen darakta, akwai ɗan injin da ke juya lens don saita kaifin hoto. A ce kyamara tana cin wat 40, monita 15, mai aika hoto 15, injin lens 10. Jimla 80. A bolt 16 wannan amfiya 5 ne. Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne, yayin da batir ke raguwa, na'urorin nan ba sa rage ci, sai dai su ƙara jan wuta don su cike giɓin. A bolt 12 wat 80 ɗin nan ya zama kusan amfiya 6.7. Wato wayar ta fi shan wahala a ƙarshen batir, daidai lokacin da kowa ya gaji ana son a kammala. Bakunan wuta huɗu da ke jikin kejin Ronin 2 amfiya 8 suke bayarwa a haɗe, ba kowanne ba. Injin lens kuma yakan finciki wuta da yawa na ɗan lokaci idan yana neman iyakar lens ɗin bayan an kunna shi. Mai hankali yakan bar rata saboda wannan fincikar. Da lissafin nan ne kuma yake sanin cewa batir mai awon wat 98 a awa zai riƙe wannan kaya na awa ɗaya da 'yan mintoci. Wannan 98 da ake yawan gani a jikin batira ba haka kawai ta zo ba: dokar jiragen sama ta bar fasinja ya shiga da batirin da bai wuce 100 ba ba tare da neman izini ba, sai masu ƙerawa suka tsaya daf da iyakar.

Yanzu aka zo kan wayar kanta, kuma a nan ne na fi jinjina wa masu wannan aiki, domin buƙatu biyu ne suke ja-in-ja. Wuta tana son waya mai kauri. Gimbal yana son waya mai laushi wadda ba zai ji ta ba.

Ana auna kaurin waya da lambar AWG, kuma lambar a juye take: ƙaramar lamba, waya mai kauri. Ɗauki waya mai tsawon mita ɗaya. Wuta za ta je ta dawo, tafiyar mita biyu ke nan. Idan amfiya 5 na bi ta cikin lamba 24, kusan bolt 0.84 ne zai zube a hanya, ya koma zafi a jikin wayar. A lamba 18 abin da zai zube bai wuce 0.21 ba. Bambancin kamar ba komai, amma idan batir ya sauko 12.5, kyamara kuma tana buƙatar 12, siririyar waya za ta kashe ta alhali batirin yana nuna da sauran wuta. Kyamarar da ta mutu tana tsakiyar ɗauka kuwa takan tafi da fayil ɗin da take rubutawa. Sai a ɗora wa batir laifi, a sayi sabo, matsalar ta dawo gobe.

To sai a sa mai kauri kawai? Waya mai kauri mai taurin roba tana tura kyamara kamar sifirin. Injin zai yi ta faɗa da ita, ya ɗauki zafi, ya ci batir, hoton kuma ya riƙa wata 'yar rawa da ba a gani a ƙaramin monita sai an je ɗakin tace hoto. Mafitar gwanaye ita ce waya mai rigar silikon, wadda cikinta silili ne na jan ƙarfe masu yawan gaske, sirara kamar gashi. Kaurin yana nan, amma tana lanƙwasa ba gardama. Kuma yakan kankare silin da wuƙa ya duba, domin kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe a sama. In ciki ya nuna fari, ya ajiye ta. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, kuma tana saurin karyewa a wurin lanƙwasa.

Sai kawunan waya. A ɓangaren batir yawanci D-Tap ne, wani kai na roba mai haƙora biyu wanda asalinsa daga kamfanin Anton/Bauer yake. An yi masa siffar da ta kamata ta hana a sa shi a juye, amma mai arha ko wanda ya tsufa, in aka danna da ƙarfi, shiga yake yi. A ɓangaren kyamara kuwa sarautar ta LEMO ce da masu kama da ita. Kamfani ne na ƙasar Suwizalan da Léon Mouttet ya kafa a 1946. Kan LEMO na ƙarfe ne mai kyawun ƙira, ana tura shi ya kulle da kansa, ba ya fita sai an ja rigarsa baya, kuma yana da jan ɗigo da ake saitawa da jan ɗigon bakin kyamara. Sai dai kan ba ya sanin wace waya aka liƙa wa wane haƙori. A tsarin kamfanonin ARRI da Teradek, haƙori na ɗaya na baƙar waya ne, wato negatif, na biyu na ja, fozitif. Akwai wasu na'urori da suka juya wannan tsarin. Wayoyi biyu za su zo da kai iri ɗaya, su shiga baki ɗaya lafiya lau, ɗaya ta kunna kyamara, ɗaya ta ƙone ta. Wanda ya saba zaro waya daga jakar wani ya soka don kawai ta shiga, sa'a ce take tafe da shi.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Zanen haƙoran da ke cikin littafi, daga wace fuska aka zana shi? Daga gaba, inda kan yake shiga, ko daga baya, inda ake liƙa waya? Abin da yake dama a gaba hagu ne a baya. Gwani ba ya dogara da hagu da dama. Yakan kawo kan kusa da fitila, ya nemi alamar da aka yi wa haƙori na ɗaya a jikin robar ciki, ya bi lamba.

Zaman solda aiki ne na natsuwa. Kafin komai yakan zura duk kayan bayan kan a jikin waya bisa tsarinsu: robar da ke hana lanƙwasa, murfin baya, maƙoshin da ke damƙe waya, da gutsattsarin bututun roba mai tsukewa da zafi. Wanda ya manta ɗaya sai ya warware duk abin da ya liƙa. Ya fere bakin wayar kaɗan, 'yan milimita, ba tare da ya yanke sili ko ɗaya ba. Ya murɗa su, ya ɗora bakin ƙarfen solda mai zafi, ya shayar da su narkakkiyar dalmar solda, wadda gaurayen kuza da dalma ce mai narkewa a wajen digiri 183. Ya sa kaɗan a cikin ɗan kofin da ke bayan haƙori. Sannan ya haɗa su, ya taɓa da ƙarfen na daƙiƙa biyu ko uku, ya janye, hannunsa bai motsa ba har ta daskare. In ya daɗe, robar da ke riƙe da haƙoran za ta yi laushi su karkace. In ya yi gaggawa, dalmar za ta zauna a dunƙule, dusu-dusu, ta riƙe yau ta saki ranar da ake gudu da kyamara. Haɗi mai kyau sumul yake, ya kwanta ya bi jikin ƙarfen. Ya ɗan ja kowace waya ya ji, ya jawo bututun roba ya rufe kowane haƙori daban, ya hura masa zafi ya tsuke. Tsakanin haƙoran nan biyu tazarar ba ta da yawa, sili ɗaya da ya kauce ya isa ya haɗa ja da baƙi, batirin kyamara kuma yana iya zubo wutar da za ta narkar da waya cikin daƙiƙoƙi. Shi ya sa wasu suke sa fis a kusa da kan batir.

Wayar da aka gama ba ta zuwa jikin kyamara sai ta bi ta gaban mita. Gwaji uku ne. Na farko babu batir: a juya mita zuwa wurin da take ƙara, a taɓa haƙorin ja a wannan kai da inda ya kamata ya fito a wancan, ta yi ƙara, haka ma baƙi. Na biyu a taɓa ja da baƙi tare, da kuma ja da jikin ƙarfen kan, nan shiru ake nema. Na uku a sa batir, kyamara tana can gefe, a auna bolt a bakin haƙoran. Idan an ɗora jan tsinken mita a inda littafi ya ce fozitif, sai lamba ta fito da 'yar alamar ragi a gabanta, to wayar a juye take. Yana aunawa yana lanƙwasa wayar a gindin kowane kai, ido a kan lamba, ko za ta yi tsalle. Kuma ba wadda ya haɗa da hannunsa kaɗai yake yi wa haka ba, har sabuwa dal daga leda, har wadda ta zo tare da kayan haya. A lokeshan za ka ji mai ɗaukar hoto yana cewa, "Kai, ba ka gama ba? Haske zai gudu fa." Shi kuma ya ce, "Oga, minti ɗaya, in auna." Ogan da ya san aiki ba ya sake magana.

Ɗaura wayar a jikin gimbal wani fanni ne. Ana sa dukkan wayoyi tukuna, da katin ajiya, da gilashin rage haske, a cire murfin lens, sannan a daidaita nauyi, domin 'yan giram ɗin waya a gefe guda suna karkatar da kyamara. Kai mai lanƙwasa kamar gwiwa ya fi miƙaƙƙe, ba ya tsinin da zai bugi firam. A duk inda waya za ta tsallaka daga ɓangaren da ke tsaye zuwa mai motsi, yakan bi da ita kusa da tsakiyar injin, inda motsi ya fi ƙanƙanta, ya bar mata ɗan lanƙwaso sako-sako, ya ɗaure ɓangarorin biyu da maɗaurin kar-kar. In lanƙwason ya yi gajere zai ja kyamara, in ya yi tsawo zai maƙale a wani ƙarfe. Sai ya riƙe kyamarar da yatsu, injina a kashe, ya kai ta ƙarshen kowane juyi, sama, ƙasa, gefe da gefe, yana sauraron hannunsa. Inda ya ji ɗan turjiya, nan zai gyara. Bayan haka ne ake kunna gimbal a bar shi ya auna ƙarfin da injinansa za su yi aiki da shi.

Saura abu guda, wanda ya lalata kyamarori da yawa a hannun mutanen da wayoyinsu ba su da aibi ko kaɗan. Hoto yana fita daga kyamara zuwa monita ta wata waya da ake kira SDI. Idan kyamara da monita suna shan wuta daga batir ɗaya, kuma wayar hoton tana haɗe, sai aka zo soka wayar wutar monita, haƙorin ja yana iya riga na baƙi taɓawa da ɗan ƙanƙanin lokaci. A wannan ɗan lokacin wutar tana neman hanyar komawa batir, hanyar da ta samu a buɗe kuwa ita ce wayar hoto, ta cikin kyamara. Ƙwayar da ke fitar da hoto ba a yi ta don wannan ba, sai ta ƙone. ARRI da RED duk sun fitar da gargaɗi a kan haka, kuma ƙa'idar gajeriya ce: wajen haɗawa, wuta tukuna, hoto daga baya. Wajen cirewa, hoto tukuna, sannan wuta. Har wajen canza batir haka ake bi. A ƙasashen da kamfanonin nan suke da wuraren gyara, wannan asarar kwanaki ce. A Kano ko Kaduna ko Jos, sau da yawa yana nufin kyamara ta yi doguwar tafiya, a biya da kuɗin waje, aikin da aka tsara da ita kuma ya tsaya.

Yanayinmu ma yana da nasa haraji. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, batirin da aka bari cikin rufaffiyar mota yana tsufa da wuri, na'urar rage wuta kuma tana iya yanke aiki in ta yi zafi da yawa. Da hunturu ƙura ce ke shiga bakunan wuta ta zauna a kan haƙora. Don haka lokacin da aka tafi cin abinci, wasu sun miƙe a inuwa da wayoyinsu na hannu, za ka ga mai wannan aiki yana taɓa kawunan waya da bayan yatsa ko akwai wanda ya ɗumama, domin kan da ya yi zafi alama ce ta haɗin da ya fara saki. Ya busa bakunan da 'yar robar hura iska, ya mayar da murfin waɗanda ba a amfani da su.

Idan an tashi, ya zare wayar hoto, sannan ta wuta, yana kama rigar kan, ba ya jan wayar. Ya naɗe kowace a sako-sako, ba a kan gwiwar hannu ba. Kowace tana da farin tef a wuya da ya rubuta sunan kyamararta, da bolt ɗinta, da haƙorin da yake fozitif. Wadda ta yi masa tsalle a mita ranar ba ta komawa cikin 'yan uwanta. Nan take yake sa filaya ya datse ta gida biyu don kada wani ya ɗauka cikin gaggawa gobe, ya jefar da wayar, ya ajiye kawunan ƙarfen a wata 'yar gwangwani, domin su ne masu tsada, kuma za su sake hawa sabuwar waya a zaman solda na gaba.